Babur ɗin Ƙanƙara da Hammatata

Tun da na dawo daga Turkiyya ban sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Duk yammar da na zauna a ƙofar shagon Malam Sabo a unguwar Bani Malik, sai wani ya ja kujera ya matso ya ce, "Ya Ilyasu, wai da gaske babur ka sa a hammata?" Na gaji da gyara wannan magana. Ba babur na sa a hammata ba, kuma wanda ya fara yaɗa ta ya san kansa. Shi ya sa na ce bari in rubuta abin daga farko, duk mai tambaya in miƙa masa takarda in ci gaba da shan shayina.

Ga wanda bai san ni ba, a nan Jidda aka haife ni, a nan aka haifi babana. Kakana ne ya zo Hajji da ƙafa bai koma ba. Amma fasfona na Nijeriya ne, ƙasar da ban taɓa takawa ba, kuma zamana a garin haihuwata da iƙama ne, wato takardar izinin zama, kamar baƙon da ya sauka jiya. Matata Rabi da 'ya'yanmu uku duk a ƙarƙashin iƙamata suke. Sana'ata gyaran wutar inji. Shekara goma sha biyu ke nan ina aiki a wata tallaja a Khumra, wato katon ɗakin sanyi inda ake jibge daskararrun kaji, ni ke kula da motocin ɗaga kaya masu shiga da fita.

Wanda ya koya mini sana'a wani Baturke ne, Usta Jalal. Ina da shekara goma sha huɗu babana ya kai ni garejinsa a Bagdadiyya, na yi shekara goma sha ɗaya a hannunsa. Mutum ne mai faɗa, bai taɓa ce mini na yi daidai ba. In aiki ya yi kyau sai ya yi shiru, in ya ɓaci unguwa ta ji. Da ya tsufa hannunsa ya fara rawa, sai ya koma ƙauyensu a kan duwatsun Arzurum. Bayan Hajjin bana ya bugo waya ya ce zai aurar da autarsa, kuma in ban zo ba to ba shi ya koya mini riƙe wayar wuta ba. Da "ya walad", wato kai yaro, ya kira ni, ni da furfura ta fara fito mini a gemu.

Kafilina, mutumin da iƙamata ke hannunsa, bai hana ba. Ya sa aka buga mini huruj-wa-auda, bizar fita da dawowa, ta wata guda. Duk mai iƙama ya san hukuncinta: in ranar da aka rubuta ta wuce kana waje, ƙofa ta rufe, iƙama ta mutu, na ƙarƙashinka kuma su bi ta. Ni da gaggawata na sa aka buga ta tun kafin takardar gayyatar Usta ta iso, ita kuwa takardar ta yi ta yawo a hanya. Ranar da bizar Turkiyya ta fito, kwana goma sha ɗaya suka rage mini.

Rabi ta ce in fasa. Ta ce kwana goma sha ɗaya ba kwana ba ne ga mai zuwa inda bai sani ba. Na ce mata biki kwana uku ne, hanya kwana huɗu zuwa da dawowa, ga kwana huɗu a aljihu. Na faɗe shi da murya irin ta maigida. Ta shiga haɗa mini kaya.

Kayan sanyi kuwa ban sayi ko safa ba. Rigar aikina ta tallaja na ɗauka, mai ɗinke da wando, ruwan lemo, da hoton kaza a baya tana murmushi, sai takalman aikin masu nauyi. Abokan aiki sun yi ta dariya, amma na san abin da rigar nan take iyawa. Na ƙara da jarkar zamzam da katon kwalin dabino na tsaraba.

A filin jirgin Istambul jami'in ya juya fasfona gaba da baya. Ya ga Nijeriya a bango, ya ga Jidda a wurin haihuwa, ya yi mini Turanci na amsa da Larabci. Ya kira wani abokin aikinsa mai jin Larabci kaɗan, wanda ya tambaye ni wurin wa zan je. Na ce wurin malamina. Ya ce malamin addini? Na ce na waya. Suka yi dariya su biyun, aka buga hatimi.

Daga nan bas na shiga, tafiyar kusan yini da kwana. Mun tashi ke nan sai ga ma'aikacin bas ɗin yana bin kujeru da kwalba, kowa ya tara hannu ya zuba masa wani ruwa mai ƙanshin lemon tsami. Ni da na saba da turaren Jidda, da ya zo kaina sai na buɗe gaban riga na nuna masa ƙirji. Ya tsaya yana kallona. Wani dattijo da ke gefena ya kama hannuwana ya tara mini su, ya nuna mini a shafa a tafi da fuska. Daga nan dattijon ya ɗauke ni tamkar amanar da aka ba shi. Duk inda aka tsaya sai ya ja ni wurin alwala, ya zaɓa mini abinci, ya hana ni abin da yake ganin cikina ba zai ɗauka ba. Ba mu da kalma ɗaya ta tarayya in ban da sunayen salloli, amma sai da na san yana da 'ya'ya biyar da ciwon gwiwa.

A Arzurum babban ɗan Usta ne ya tarbe ni, Murad, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Jidda, Larabcinsa bai gudu ba. Da na sauko daga bas iska ta mare ni, sai na ji kamar na shiga wurin aiki, sai dai wannan tallajar ba ta da ƙofar fita. Na shige bayan gida na sako rigar kaza. Murad ya dube ni sama da ƙasa ya ce ko shi da aka haifa a nan bai shirya kamar ni ba. Muka hau ƙaramar mota zuwa ƙauye, kayana a ɗaure a sama. Da muka isa aka sauko da jarkar zamzam, ta zama dutse. Matar Usta, wadda kowa ke ce wa Hajiya, ta rungume ta a haka ta kai gefen murhu, maƙwabta suka zauna suna jira ta narke.

Usta ya rame, amma bakin yana nan. Na sunkuya zan sumbaci kansa irin na Hijaz, ya miƙo hannu irin nasu, a sumbata a ɗora a goshi, muka yi karo. Ya ce shekara ashirin da biyar bai ga na iya shiga wuri ba tare da na bugi wani abu ba. Sai kuma ya riƙe wuyana ya ƙi saki. Ban yi zaton zan yi hawaye ba, amma na yi.

Yawancin mutanen ƙauyen ba su taɓa ganin baƙin mutum ido da ido ba. Ranar farko kallo ne kawai. Da Usta ya gaya musu cewa tsakanin gidana da Ka'aba tafiyar awa ɗaya ce, sai zance ya sauya. Tsofaffi suka riƙa zuwa suna shafa hannun rigata, suna cewa in yi musu addu'a. Na gaya wa Usta ya faɗa musu ni mai gyaran wayar wuta ne, ko izu biyar ban haɗa ba. Ya ce ya faɗa, sun ce tawali'u ne.

Gidajensu rabi a cikin ƙasa suke, ɗakin shanu manne da na mutane, bango ɗaya ya raba, don ɗumin dabbobi ya taimaka. A tsakiyar ɗaki akwai rami na gasa gurasa. In an gama gashi sai a ɗora teburi a kai, a lulluɓe da katon bargo, kowa ya zura ƙafafunsa ciki. A nan ake hira, a nan ake cin abinci. Mu a Jidda mai gida yana karrama baƙo da ba shi wurin da iskar mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ta fi bugawa, su kuma da wurin da ƙafa ta fi gasuwa.

Abincinsu ya karɓe ni, in ban da miyar nono mai zafi. Nono dai da muka sani na fura, shi suke dafawa da alkama da ganye, a kawo yana tururi. Na sha don kunya. Cukunsu kuwa zare-zare yake, ana yage shi a naɗe a gurasa, shi kam na ci har Hajiya ta fara alfahari da ni. Shayi suna shan sa a 'yan ƙananan kofuna ba sukari a ciki. Ana gutsurar sukarin mai tauri a ajiye a baki, shayi ya bi ta kansa, gutsure ɗaya ya kai mutum kofi uku. Ni kuwa da ya shiga bakina sai in tauna. Kafin a gane, na cinye sukarin da aka ajiye wa mutum shida.

An yi biki lafiya. Maza suka jeru kafaɗa da kafaɗa suna rawa a kan dusar ƙanƙara, ana busa wata algaita mai kama da tamu. Aka ja ni cikin layi da rigar kaza, kuma ba yabon kai ba, ban ba Bani Malik kunya ba.

Ranar da aka kai amarya da la'asar sama ta fara zubo da dusa. Na tsaya ina sha'awa, ina tara hannu. Na lura ba wanda ke sha'awa sai ni. Washegari da safe ƙofar gida ba ta buɗuwa sai da aka haƙa, hanyar mota ta ɓace gaba ɗaya, wayar tarho ta ƙauyen ta tsinke. Murad ya ce in dusar ta tsaya, motar share hanya takan fara da babban titi, ƙauyuka irin nasu sai bayan mako, wani lokaci fiye.

Kwana huɗun da na yi wa Rabi taƙama da su, ina zaune ƙafafuna a cikin bargo na ga suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ba hanyar da zan sanar da kafilina, ba hanyar da zan ji muryar gida. Abinci ya daina shiga. Usta ya lura, ya tambaye ni ranar da ke kan bizar, na faɗa masa. Ya yi shekaru da iƙama, bai buƙaci bayani ba. Ya kira Murad suka yi magana da harshensu, sannan ya ce mini da zarar sama ta washe za a sauke ni da babur.

Babur ɗin na Murad ne, ya saye shi na hannu a wurin masu wasan sulu a kan dutse. Ba shi da taya. Gabansa wasu faifai biyu ne dogaye, bayansa bel mai haƙora irin na katafila. Shi ne motar asibitin ƙauyen duk lokacin sanyi, ana ji da shi ƙwarai.

Sama ba ta washe ba sai ranar kwana na goma. Lissafin ya zama ɗaya tak: in sauka babban titi kafin azahar, in sami jirgin yamma daga Arzurum zuwa Istambul, in kama na Jidda, in sauka a rana ta ƙarshe. In na rasa jirgin yamman nan, shi ke nan.

Da hantsi Murad ya turo babur waje. Ya murɗa makulli, bugu ɗaya ya tashi. Na ce alhamdu lillahi, na ɗaure jakata a baya. Sai na ce bari in yi sallama. Murad ya kashe inji don kada mai ya ƙone a banza.

A nan na yi wautar da ba zan ɗora wa kowa ba. Bahaushe ba ya barin gari kamar ɓarawo, su ma mutanen nan haka suke, sai aka haɗu. Na shiga gidan liman, na shiga gidan surukan amarya, na shiga gidan tsohuwar da ta saƙa mini safa. Ko'ina sai an kawo shayi, ko'ina sai na yi addu'a an shafa. Hajiya ta tsare ni da cuku da zuma, tana ɗaurewa tana kwancewa. Na ce wa kaina minti goma ne. Da na fito, an fi awa guda.

Na hau bayan Murad, jama'a sun kewaye mu. Ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya juya, bai kama ba. Ya sake. Ya sake na uku, na huɗu, kuma kunnena na jin yadda juyin ke raguwa, batir na mutuwa. Na kama hannunsa na ce ya tsaya. Na tambaye shi ko akwai igiyar ja, ya ce irin wannan ba shi da ita, batir ne kawai.

Nan take kowa ya zama makanike. Wani ya ce a hura wuta a ƙarƙashinsa kamar yadda suke yi wa tarakta. Wani ya tafi ɗebo ruwan zafi. Aka fito da Usta a lulluɓe da bargo, ya sa aka buɗe murfin inji, ya leƙa, ya yanke hukunci cewa fulogi ne suka jiƙe da mai, a kwance su a gasa. Na dubi inda fulogin suke, can ƙasa, sai an cire tanki da rabin kayan sama. Da yatsun da sanyi ya kashe, aikin awa biyu ne.

Na koma gefe na zauna a kan dusa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Na ga Rabi da yara a layin masu jiran a fitar da su, na ga kaina a wani filin jirgi a Kano ina tambayar hanyar unguwar da kakana ya bari shekara tamanin da suka wuce. Kabarin babana da na innata suna Jidda. Duk wannan saboda shayi da sallama.

Daga inda nake zaune ina hango cikin injin. Sai idona ya tsaya a kan wani abu: wayoyi da ƙarafa duk sun yi farin gashi, siriri, kamar an barbaɗa gari. Ba dusar sama ba ce, murfi a rufe yake. Na san wannan farin gashin, kullum ina ganin sa a Khumra. Na tashi na tambayi Murad inda babur ɗin yake kwana. Ya ce a ɗakin shanu mana, don kada sanyi ya taɓa shi, tun da dusar nan ta fara yana can.

Kwana huɗu a cikin numfashin shanu goma da tururin fitsarinsu. Haka motocinmu na ɗaga kaya suke yi: su tsaya a waje su sha laimar Jidda, su shiga tallaja, direba ya kashe ya tafi salla, ya dawo su ƙi tashi. Ba inji ba ne ke lalacewa. Akwai wani ɗan akwati baƙi, bai fi gidan ashana ba, sunansa rile, a garejin Jidda kataut muke ce masa. A cikinsa akwai ɗan harshen ƙarfe da ke rufewa ya ba wuta hanya in an murɗa makulli. Laima ta shiga ciki, sanyi ya daskarar da ita, harshen ya maƙale. Da safe babur ya fito da ɗuminsa shi ya sa ya tashi. Awa gudan da na yi ina sallama ita ta daskarar da shi.

An riga an kawo akwatin sifanu, Murad ya fara kwance tanki. A rayuwata ban taɓa musa wa Usta a kan aiki ba, balle a gaban mutanen garinsa. Amma na matsa kusa na ce, "Usta, ba fulogi ba ne."

Ya juyo a hankali. "Ya walad, ni za ka koya wa?"

"Kai ka ce mini in saurara kafin in taɓa. Ba mu saurara ba."

Usta ya dube ni. Sannan ya daka wa jama'a tsawa da harshensu, wuri ya yi tsit. Na ce wa Murad ya murɗa makulli rabi kawai, kada ya kai ga tayarwa. A irin wannan inji, da an yi haka famfon mai yakan yi ɗan kuka na daƙiƙa biyu. Ba mu ji komai ba. Na ga girar Usta ta ɗaga.

Rile uku ne a jere a gefen batir. Yatsuna ba sa jin komai, don haka na karɓi sukundireba na ɗora bakinsa a kan na farko, ƙotar a kunnena. Murad ya murɗa, na ji ƙas. Na biyu ma ƙas. Na uku shiru. Na sa aka sake, shiru. Na lallaɓa na zare shi.

Hajiya ta miƙo hannu za ta kai shi gefen murhu. Na hana, don ɗakin cike yake da tururin butoci, zai ƙara shan laima ne ya sake daskarewa kafin a dawo da shi. Mai ruwan zafi ma na mayar da shi. Abin da nake yi a Khumra shi na yi. Na zuge rigar kaza har ciki a gaban maza da mata, na ɗaga rigunan ciki, na cusa rilen a hammatata ta hagu, na matse. Sanyinsa ya soke ni har haƙori.

Minti goma ake so, ba yadda za a gaggauta. Na tsaya ƙame, hannu a matse, idona a rufe saboda iska, bakina yana motsi don ina ƙirga daƙiƙu. Da na buɗe ido sai na ga tsofaffin ƙauyen sun ɗaga hannuwa sama, liman a gaba, suna cewa amin. Sun ɗauka wani sirri na mutanen Makka nake karantawa. Kunya ta hana ni gyara musu, kuma gaskiya a lokacin ina buƙatar amin ɗin, sai na bar ƙirga na koma addu'ar da gaske.

Na fito da shi da ɗumi, na ɗan ƙwanƙwasa shi a tafin hannu, na mayar da shi gurbinsa da sauri. Murad ya murɗa rabi. Ƙas, sai ga kukan famfo, siriri, kowa ya ji shi. Na ce masa batir ɗin bugu ɗaya ya rage masa, ya yi bismilla. Inji ya juya da ƙyar, ya sake juyawa kamar zai tsaya, sai ya kama da wata irin ƙara, hayaƙi ya turnuƙe mu.

Ƙauyen ya ɗauki kabbara. Wani tsoho ya kama hannuna zai sumbata, yana faɗin wata kalma da na gane, karama. Usta ya ture shi, ya faɗi wata magana da ƙarfi yana dukan ƙirjinsa, sannan ya juyo ya maimaita mini da Larabci.

"Na ce musu ba karama ba ce. Almajirina ne, kuma ya wuce ni."

Shekara ashirin da biyar ina jiran ko rabin wannan. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Halas, yalla, kada ka sake fara wata sallamar." Na haye babur. Na yi wa Murad ihu a kunne cewa daga yau kada ya ƙara kwana da shanu, kuma ya sayi rile na biyu ya riƙa ajiyewa a aljihun ciki. Muna tashi Hajiya ta watsa ruwa a bayanmu, al'adarsu ce ga matafiyi, wai ya tafi ya dawo cikin sauƙi kamar ruwa.

Saukowar nan ba zan iya ba da labarinta da kyau ba, don yawancinta idona a rufe yake, fuskata a bayan Murad. Na san dai sau biyu mun karkata na ce mun tafi, na kuma san ƙullin zumar Hajiya ya faɗi a wani kwari ban ce a tsaya ba. Ko da muka isa babban titi gemuna ya daskare. Murad bai kashe inji ba. Ya tsayar mini da wata motar ɗaukar madara, muka rungumi juna a tsaye, na shiga.

Na isa filin jirgin Arzurum ana kiran mutanen ƙarshe. Ban sami damar sauya kaya ba, haka na shiga jirgi da kaza a bayana, haka na ratsa filin jirgin Istambul da gudu. Sai da jirgin Jidda ya ɗaga na yarda na jingina da kujera.

Mun sauka da hantsi a rana ta goma sha ɗaya. Layin ya yi tsawo, mutane na ƙorafi, ni kuwa ko a jikina. Jami'in ya buɗe fasfo, ya dubi bizar, ya dubi kwanan watan da ke gabansa, ya ɗago ya dube ni. Ya ce yau ce fa ta ƙarshe. Na ce na sani. Ya girgiza kai ya buga hatimi. Ban taɓa jin ƙarar da ta yi mini daɗi kamar wannan ba, ko ta injin ba ta kai ta ba.

A tasi na shirya yadda zan ba Rabi labari, da inda zan tsaya don ta yi dariya. Na ƙwanƙwasa, ta buɗe. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta miƙo hannu, na gane abin da take nufi, na ba ta fasfo. Ta buɗe ta nemo shafin, ta daɗe tana kallon hatimin, sannan ta zauna a kan matakala. Ta rame a cikin kwana goma sha ɗayan nan fiye da yadda na rame.

"Abu Sani," ta ce, wato baban Sani, sunan da take kirana da shi, "shekaranjiya na fara gaya wa yara wataƙila za mu koma Kano. 'Yarka Hauwa ta tambaye ni ko a can akwai makaranta irin tasu, ko za a bar ta ta tafi da ƙawarta. Ban san abin da zan ce mata ba."

Na bar labarin da na shirya. Na zauna kusa da ita a kan matakalar, na ce ta yafe mini, ita ce da gaskiya tun farko. Na tambayi inda Hauwa take, ta ce tana makaranta, sai azahar za su tashi.

Ban shiga gida ba. Na ajiye jaka a bakin ƙofa, na cire rigar sanyi na ba ta, na taka zuwa makarantar na tsaya a layin iyaye a cikin rana. Da aka buɗe ƙofa Hauwa ta hango ni, ta tsaya cak da jakarta. Ta zo a hankali ta kama hannuna, ta tambaye ni yaushe za mu tafi.

Na ce mata ba inda za mu, gobe ma nan za ta zo.